Ƙananan Wayoyi Biyu Da Ke Riƙe Da Sana'ar Gyaran Salula A Bauchi

BAUCHI — Tun bayan da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, gyaranta ya zama hanyar cin abinci ga ɗimbin matasa a kewayen Kasuwar Wunti. Sai dai akwai matsalar da takan ci musu riba: a sauya gilashin waya da sabo, hoto ya fito tas, amma gilashin ya ƙi jin taɓawar yatsa.

Sau da yawa laifin ba na hannun mai gyara ba ne. A cikin waya, gilashin taɓawa da ma'aunin cajin batir da na'urar gane juyawar waya sukan yi magana da ƙwaƙwalwar waya ta kan siraran wayoyi biyu, bisa tsarin I2C wanda kamfanin Philips na ƙasar Holan ya ƙirƙiro a 1982. Kowace na'ura tana da lambar adireshinta, kuma tana bukatar manhajar da ake kira direba, wadda ta san harshenta.

Wayoyin Android, irin su Tecno da Infinix da suka cika kasuwannin Arewa, an gina su ne a kan zuciyar manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Finlan a 1991. Linux ta raba aikin gida biyu: direban da ke tafiyar da layin kansa, da direbobin na'urorin da ke rataye a kansa. Idan sabon gilashi ya zo da ƙwayar lantarki wadda wayar ba ta da direbanta, to kuɗin gilashin ya tafi a banza.

Har ila yau, wannan tsari ne ke kwantar da na'urar da ba ta aiki domin tsimin batir, abin da ke da muhimmanci a garin da wutar kamfanin rarraba lantarki na Jos ba ta tsayawa, jama'a kuma suna biyan kuɗi a shagunan caji. Domin ƙara tsimin ne ƙungiyar MIPI ta fito da sabon tsari mai suna I3C, wanda ya fi sauri, ya kuma rage cin wuta. An shigar da shi cikin Linux a 2019.

Da yake rubutun Linux a buɗe yake ga kowa kyauta, babu abin da zai hana ɗaliban injiniya na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa nazarinsa. Ranar da mai ilimin direba ya zauna kusa da mai sukundireba a Wunti, asarar za ta ragu.