Malamin Gona da Buhun Wake: Nasiha ga Fatake da Dillalai

Ya ku 'yan'uwa masu awo da dillalai, yau za mu ɗan ajiye lissafin farashi mu yi magana a kan malamin gona, domin ribarmu tana hannunsa fiye da yadda muke zato.

Ƙasarmu ta arewacin Kano, daga Ungogo da Minjibir har Bichi da Dambatta, babu dajin da za a sare a yi sabuwar gona. Gona na manne da gona, kowace shekara a noma ta, ba ta hutawa, sai takin da ake kai mata a mangala bisa jaki. Iyayenmu da gyaɗa suke samun kuɗi. Fari ya zo a 1972 da 1973, sa'an nan kuturtar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari. Muna yara a makarantar allo aka sake yin fari a 1984, mun ga magidanta sun kulle gida sun tafi cin rani tun kafin kaka.

To, da me ƙauye ya miƙe? Mu da muke tsaye a bakin ma'auni mun shaida, da wake ne. A farkon shekarun 1980 aka kafa hukumar KNARDA da taimakon Bankin Duniya, ta baza malaman gona cikin ƙauyuka. Daga baya masu bincike na IITA suka zauna a Kano, suka fito da iri mai nuna da wuri, ga kuma ɗan ila da kanannado namu na gado. Malaman gona suka koya wa mutane shuka layi biyu na dawa, layi huɗu na wake. Manomi ya sami abinci, ya sami na kasuwa, dabbarsa ta sami harawa. Waken nan shi ne yake cika motoci a Dawanau zuwa Ikko da Onitsha.

Amma fa wake yana da maƙiyi, shi ne ƙwaro. Mu kanmu akwai shekarar da muka tara kaya da kaka muna jiran tsadar bazara, da muka kwance buhu sai huji da gari, ko uwar kuɗi ba ta dawo ba. Tsoron haka ya sa wasunmu suka shiga zuba guba ba awo. Sakamakon ya bayyana a 2015, ƙasashen Turai suka hana shigar busasshen waken Nijeriya saboda maganin ƙwari da suka tarar a ciki. Wannan asarar kasuwa ce. Wanda ya ci ya kwanta kuwa, alhakinsa yana wuyan mai kaya.

Alhali magani ya riga ya iso. Tun wajen 2008 malaman gona suke yawo da buhun PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta tsara: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A shanya wake ya bushe ƙarau, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane baki daban. Ƙwaro ya rasa numfashi ya mutu, ba a sa ko ɗigon magani ba. A gaban jama'a suke ɗaurewa, bayan watanni a kwance a gaban jama'a, kowa ya sa hannu ya duba. Sharaɗi shi ne kada leda ta huje, a kuma tsare ta daga ɓera.

Saboda haka, ya kai dillali, in ka shiga kasuwar ƙauye ka tambayi yadda aka ajiye kaya kafin ka tambayi kuɗin tiya. Wanda ya kawo wake mai tsabta a ƙara masa a kan farashi, domin in bai ga bambanci a aljihunsa ba, maganar malamin gona ta faɗi banza, baɗi ya koma wa guba.

Allah ya ba mu damina mai albarka da ciniki na halal. Wassalam.