Shanyewar Jiki ta Ɗan Lokaci Gargaɗi Ce

Idan baki ya karkace, hannu ya saki ko magana ta harɗe, sannan komai ya daidaita cikin mintuna, galibi gudan jini ne ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci. Gargaɗin shanyewar ɓarin jiki ke nan, kuma haɗarin ya fi tsanani a kwana 2 na farko, musamman ga mai hawan jini. Wasu kan ce shafar iska ce, ai ta wuce. To, wucewar alama ba warkewa ba ce: binciken Jami'ar Oxford na 2007 ya nuna fara magani da gaggawa na rage haɗarin da kusan kashi 80 cikin 100. Mutanen Tsafe da Bungudu, a garzaya Asibitin Yariman Bakura ko Asibitin Tarayya da ke Gusau a ranar da alamar ta bayyana.