Iska da Ruwa: Yadda Sinawa Ke Zaɓen Gida da Shago

Idan kana cikin masu zuwa Gwanju ko Yiwu saro kaya, ko kana da gida a Kano ko Maraɗi ko Damagaram da wani ɗan Caina ya taɓa zuwa neman haya, to mai yiwuwa ka ga abin da ya ɗaure maka kai. Mutum ya duba gida, komai lafiya, ga ruwa ga wuta, kuɗi ma an daidaita, sai ya tsaya bakin ƙofa ya kalli titi, ya girgiza kai ya tafi. Ko ka shiga lifta a wani dogon bene ka ga daga hawa na 3 sai na 5, babu na 4. Abin da ke bayan wannan shi muka tattauna a shirin wannan mako, ga shi a rubuce don wanda bai samu saurare ba.

Sunan abin feng shui, a bakinsu kuma za ka ji kamar "fung shwei". Kalmomi biyu ne, iska da ruwa. Sunan ya samo asali daga wani tsohon littafi kan yadda ake zaɓen wurin binne mamaci, wanda ake dangantawa da wani masani mai suna Guo Pu, da ya rayu daga shekarar 276 zuwa 324 miladiyya. A ganinsu akwai wani numfashi ko ƙarfin rayuwa da ke yawo a ƙasa da sarari, suna ce masa "ci". Guguwa takan watsar da shi, ruwa kan tsare shi wuri ɗaya. Aikin gwanin feng shui shi ne ya nemo inda wannan abu ke taruwa yana gudana a hankali, ba inda yake wucewa da gudu ba, ba kuma inda ya kwanta ya ruɓe kamar ruwan kududdufi ba.

Kai makiyayi, kada ka yi saurin dariya, don rabin maganar nan ka riga ka san ta. In za ka kafa mashekari ba ka sauka a kwari inda ruwa zai kwanta ƙarƙashin dabba kofato ya lalace. Tudu kake nema, kusa da mashaya amma ba a bakinta ba, saboda sauro da ƙudan tsando. Ka san hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa a ruga da yawa ƙofar bukka yamma take kallo, shanu na gabanta, dangwali a miƙe tsakani. Ba wanda ya karanta maka wannan a littafi. To su ma Sinawa haka suka fara, sai dai iskarsu ba tamu ba ce. A arewacin ƙasarsu sanyi mai kashe mutum daga arewa yake busowa, daga wajen Mongoliya da Sibiriya, rana kuwa lokacin sanyi ta kudu take karkata. Saboda haka gida nagari a wurinsu shi ne wanda ya ba arewa baya, da dutse ko tudu a bayansa yana tare iska, fuskarsa na kallon kudu, ruwa na gudana a gabansa. Fadar sarakunansu da ke Bejin, wadda aka gama a 1420, haka aka tsara ta. Da yake babu dutse a bayanta, sai suka kwashi ƙasar da aka haƙo daga ramin ruwan da ya kewaye ganuwa suka tara ta ta zama tsauni. Yana nan har yau, ana hawansa ana kallon fadar.

Daga nan ne abin ya yi rassa. Aka shigo da lissafin taurari, da shekarar haihuwar mai gida, da wani faifan kamfas da suke kira luopan, wanda aka raba da'irarsa gida 24, kowane gida digiri 15. Gwani zai tsaya a ƙofarka da wannan faifai ya auna inda ta fuskanta, ya tambayi ranar da aka haife ka, sannan ya ce nan za a sa gado, can murhu. Bayan 1949 gwamnatin kwaminis ta ɗauki abin camfin mutanen da, aka kuma matsa wa masu yinsa ƙwarai tsakanin 1966 da 1976. Amma a Hong Kong da Taiwan da Singafo bai taɓa mutuwa ba, yanzu kuma ya dawo babban yankin, musamman a kudu da wajen 'yan kasuwa. Ka lura, kudu ɗin nan ita ce inda mutanenmu suka fi zuwa.

To me suke gudu a gida? Babba shi ne gidan da hanya ta miƙo ta ƙare a ƙofarsa, kamar an saita kibiya. Suna cewa sharri na shigowa kai tsaye. Ni kuwa a ganina ko ba camfi akwai hankali a ciki: fitilar mota na haske ɗakinka duk dare, ƙura na shigowa, ranar da birki ya tsinke wa wani direba kuma a zaurenka zai tsaya. Ba sa son ƙofar gaba ta yi saiti da ta baya, wai arziki zai shiga ya fice bai zauna ba. Shi ya sa a tsofaffin gidajensu da ka shiga sai ka ci karo da ɗan bango, dole ka karkata kafin ka ga tsakar gida. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, don ƙofofin zaurenmu ma ba sa kallon juna, sai dai mu dalilinmu sutura ce, kada na waje ya hango iyali. Ba sa son gida kusa da maƙabarta ko asibiti, ko wanda kusurwar wani gini mai kaifi ta nuno shi. A cikin ɗaki ba a sa gado ƙafafu na kallon ƙofa, don da ƙafa ake fitar da gawa a al'adarsu. Ba a kwanciya ƙarƙashin ƙarfe ko gungumen da ya ɗauki rufi, ba a kuma kafa madubi yana kallon mai barci.

Kada ka ɗauka talakawa da tsofaffi ne kaɗai ke bin wannan. A Hong Kong, lokacin da aka buɗe dogon benen Bankin Sin a 1990, mutane suka yi ta gunaguni cewa gefunansa kamar wuƙa suke, suna saran maƙwabta. A saman benen bankin HSBC da ke kusa akwai na'urori biyu na ɗaga kaya masu siffar igwa, bakinsu na kallon wancan, jama'ar gari kuma sun ɗauke su a matsayin martani. A unguwar Repulse Bay akwai wani katafaren gidan haya mai ƙaton rami a tsakiyarsa, ana cewa hanya ce aka bar wa dodon da ke kan dutse ya riƙa sauka teku. Kamfanin Disney na Amurka ma, da zai buɗe wurin wasansa a can a 2005, sai da ya karkata babbar ƙofa da digiri 12 bisa shawarar masu wannan sani. Ko kamfanin ya yarda da abin ko bai yarda ba, ya san masu sayen tikiti sun yarda.

Yanzu ga inda maganar ta shafi aljihunka, Alhaji, wato lamba. Wannan ba feng shui ba ne tsantsa, wasan sauti ne na harshensu, amma a kasuwa tare suke tafiya. Kalmar 4 a bakinsu kusan ɗaya take da kalmar mutuwa. Kalmar 8 kuwa ta yi kama da ta bunƙasar arziki. Shi ya sa aka buɗe wasannin Olamfik na Bejin ranar 8 ga watan 8 na 2008, da ƙarfe 8 na dare. A harshen Kanton, wanda ake yi a Gwanju da Hong Kong, 14 ta fi 4 muni, don tana fita kamar an ce "mutuwa tabbas". Saboda haka benaye da yawa ba su da hawa na 4 da na 14 da na 24. Ginin yana nan, lambar ce aka tsallake. Hawa na 18 kuma ana ja-in-ja a kansa: wasu na so don akwai 8 a ciki, wasu na gudu don a tatsuniyarsu gidan azaba hawa 18 ne.

Abin har ya bi su ƙetare. Wasu masana tattalin arziki sun bi cinikin gidaje sama da dubu 100 a yankin Bankuba ta ƙasar Kanada, suka tarar a unguwannin da Sinawa suka yi yawa, gidan da lambarsa ta ƙare da 4 yakan faɗi da kusan kashi 2 cikin 100, wanda ta ƙare da 8 kuma yakan hau da kusan kashi 2 da rabi. A Hong Kong akwai abin da ya fi wannan nauyi, gidan da aka yi kisa ko wani ya kashe kansa a ciki. Bincike ya nuna irin wannan gida kan rasa kusan kashi 20 cikin 100 na darajarsa, har na maƙwabta a hawa ɗaya ma sai sun taɓu.

Ka ga ke nan abin yana da fuska biyu. In kai ne mai neman ɗakin haya ko wurin ajiye kaya a Xiaobei ko Sanyuanli, unguwannin da 'yan Afirka suka fi zama a Gwanju, to ɗakin da su ke gudu kai ba ruwanka da lambarsa. Mai gida ya san ɗaki mai lamba 404 ya fi wuyar shiga, don haka kana da bakin neman ragi, ka nema. Amma in dillali ya kawo maka wuri mai kyau da araha fiye da kima, tambayi dalili kafin ka ba da kafin alƙalami. In shago ne ko ofis da kake son Sinawa su riƙa shigowa, arahar nan za ta iya cinye ka, don abokin ciniki zai ƙi zuwa ba zai kuma faɗa maka me ya hana shi ba. Kuma duk inda ka kama haya, doka ta ce baƙo ya yi rajistar wurin kwanansa wajen 'yan sanda cikin awa 24. Otal shi ke yi maka, gidan haya kuwa kai ne da kanka. Wannan ya fi kowace lamba muhimmanci.

In kuma kai ne mai gida a nan, ɗan Caina ya zo haya, to ka san abin da idonsa ke nema. Ba duka ne suka damu ba, matasa da yawa dariya suke yi wa abin, injiniyan kamfani kuma sau da yawa tsaro da janareta ne a gabansa. Amma ɗan kasuwa mai zaman kansa, irin waɗanda ake gani a Kantin Kwari, zai iya barin gidanka saboda yana kallon maƙabarta, ko ya roƙi a toshe wata ƙofa a buɗe wata. Kada ka ji haushi, kada kuma ka yarda da baki kawai. A rubuta cikin takardar haya wa zai biya gyaran, da kuma cewa zai mayar da ginin yadda ya same shi ranar da zai tashi.

Lokaci ma suna duba shi. Watan 7 na kalandarsu ta wata, wanda yakan faɗo wajen Agusta zuwa farkon Satumba, suna ce masa watan fatalwa. Masu kiyayewa ba sa tarewa a sabon gida, ba sa buɗe shago, wasu ba sa sa hannu a babbar yarjejeniya. In abokin hulɗarka ya yi ta ja maka rai a wannan lokaci, ba lalle ne yaudara ba ce. Sabuwar shekararsu kuma tana zuwa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Masana'antu kan rufe mako biyu har zuwa wata guda, kuma al'ada ce a biya bashi kafin ta shigo. Mai binka kuɗi zai matsa maka a Janairu, kai ma lokacin ne ya fi dacewa ka nemi naka.

Wani mai saurare zai ce, malam, ai wannan duk camfi ne. Gaskiya ne, Musulmi ba ya jingina arziki ko mutuwa ga lamba ko kusurwar bango, kuma ba wanda ya ce ka yi. Su kansu Musulmin Sin sun nuna inda iyakar take: babban masallacin Xi'an, in ka gan shi sai ka rantse haikalinsu ne saboda irin gininsa, amma bai bi tsarin kallon kudu ba, an miƙe shi daga gabas zuwa yamma don alƙibla. Abin da ake so kawai ka san yadda abokin cinikinka ke tunani. Za ka ga akwatin gilashi da kifi a shagonsa, don ruwa alamar kuɗi ne a wurinsu, ko kwaɗon ƙarfe mai ƙafa uku da tsaba a baki, ko madubi mai kusurwa takwas a saman ƙofa. Kada ka taɓa, kada ka yi ba'a. In wani ya ce ka sayi irinsu ka kai shagonka na Jibiya ko Ƙonni don kasuwa ta buɗe, ka riƙe kuɗinka ka ƙara jari.

Sai maganar kyauta, in ya gayyace ka tarewa ko buɗe shago. Kada ka kai agogon bango, don "ba da agogo" a harshensu daidai yake fita da "raka gawa". Laima ma a bar ta, sunanta ya yi kama da rabuwa. Kada a naɗe kyautar da farin ƙyalle ko farar takarda, fari na makoki ne a can, ja shi ne na murna. In kuɗi za ka sa a ambulan, ya zama ja, adadin kuma kada 4 ta fito a ciki. Lemon zaƙi ko dabino mai kyau ya wadatar, ka miƙa da hannu biyu. In ya ƙi karɓa sau ɗaya ko sau biyu kada ka mayar aljihu, kara ce irin tamu, sake miƙa masa.

Allah ya ba da kasuwa, ya tsare dabbobi. Sai mun haɗu a shiri na gaba.