Shafen kayan katako na waje

Shafen kayan katako na waje shi ne aikin goge katako da shafa masa launi, mai ko fenti domin ya jure rana, ruwan sama da gara. A ƙasar Kano, musamman ƙauyuka irin na ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, aikin ya shafi bencin ƙofar gida, teburin mai shayi, kujerun majalisa da teburan 'yan tireda na kasuwar Dawanau, waɗanda kusan duk shekara a fili suke kwana.

Abin da ke lalata katako

Katako yana shan laima ya kumbura, in ya bushe ya tsuke. Daminar Kano takan kankama daga Yuni zuwa Satumba, sannan hunturu ya biyo da busasshiyar iska, bazara kuma zafi ya kai digiri 40. Wannan sauyi ne ke tsaga katako ya sassauta ƙusa. Hasken rana kuma yana cinye fuskar katakon har ta koma ruwan toka. Gara ita ta ƙasa take hawowa, shi ya sa benci yakan fara mutuwa daga ƙafafu.

Zaɓen katako

Ƙirya da maɗaci suna da tauri, kuma gara ba ta cika samun sa'arsu ba. Da ƙirya ake sassaƙa turmi mai daɗewa. Amma yawancin kafintoci a yau daga kasuwannin 'yan katako na birni, irin ta Na'ibawa, suke sayen katakon da aka kawo daga kudancin Najeriya. Farin katako ya fi araha, ya kuma fi saurin ruɓewa. Sau da yawa yakan iso da ɗanyantaka, kuma fentin da aka shafa wa ɗanyen katako ɓarewa yake yi, don haka sai an jera shi a inuwa ya sha iska tukuna.

Yadda ake shafawa

Ana goge katako da samfefa mai kaushi, sannan mai laushi, ana bin tsawon zarensa. A cike ramukan ƙusa da dusar katako da gam. Daga nan a shafa maganin gara, irin su Solignum, a bari ya bushe kafin launi.

Banish, wato man da ke sa ƙyalli, shi masu saye suka fi so, amma ya fi dacewa da kayan ɗaki: a rana yakan tsattsage, ruwa ya shiga ƙarƙashinsa ya maƙale. Fentin mai ya fi shi kare katako domin launinsa yana tare hasken rana. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Wurin da ya fi buƙatar kulawa shi ne bakin yanka da ƙasan ƙafafu, inda katako ya fi zuƙar ruwa, kuma nan ne aka fi mantawa.

A karkara an saba shafa baƙin man mota. Yana rage ɓarnar gara da ruwa, amma yana ɓata tufafi kuma yana ɗauke da sinadarai masu cutarwa, don haka bai dace da wurin zama ko teburin abinci ba. Man gyaɗa kuwa ba ya bushewa. Ƙura yake kamawa, daga baya ya yi wari.

An fi yin shafe bayan ɗaukewar ruwa, a inuwa, ranar da babu hazo. Ɗora ƙafafun benci a kan dutse ko bulo yana raba su da damshi da hanyar gara.