Ɓare: Ma'anar Kalmar Da Asalinta

A takardun wayar da kan manoma, sau da yawa akan ga an rubuta "cire bayan gyaɗa" ko "cire bayan rogo", sai ka ce Hausa ba ta da kalmomin waɗannan ayyuka. Alhali kuwa tana da su, kowace da muhallinta.

Gyaɗa da ƙwai da lemo ɓare su ake yi. Rogo da doya da kabewa kuwa ferewa ake yi, domin sai an sa wuƙa. Gero da dawa akan surfa su a turmi don a fid da dusa. Dabba akan feɗe ta, kaza kuma a fige ta.

Ainihin ma'anar "ɓare" ita ce raba abin da yake haɗe, ta hanyar buɗe shi. Shi ya sa ake cewa an ɓara goro, kowane rabi kuma a kira shi ɓari. Daga nan ma'anar ta yaɗu. Yaro mai kuka an ce ya ɓare baki, jam'iyyar da ta rabu kuma an ce ɓaraka ta shige ta.

Game da asali, kalmar ba ta Larabci ba ce, ba kuma ta Turanci ba, domin babu sautin "ɓ" a cikin harsunan nan biyu. Masana suna lissafa Hausa cikin dangin harsunan Cadi, waɗanda wannan sauti ya yawaita a cikinsu. Harafin mai lanƙwasa kuwa sai a shekarun 1930 ya shiga rubutun boko.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Ɓararriyar gyaɗa ake ɗurawa a buhu, domin ɓawo nauyi ne kawai ga jirgi. Da irin waɗannan buhuna aka gina dalar gyaɗa.

Saboda haka wajibi ne ɗalibai da ma'aikatan fassara su kula da lanƙwasar. In an yar da ita, "ɓare" ya koma "bare", wato baƙo, "ɓarewa" kuma ta koma "barewa" ta daji. Takardar da ta umurci manomi ya sayar da gyaɗarsa bayan barewa, dariya za ta jawo, ba biyayya ba.