Wutar da ba a ɗauke wa jiki

Jama'a, ko kuna sharar barci, ƙwayoyin jijiyoyinku suna riƙe da lantarki. Tsakanin cikin kowace ƙwaya da wajenta akwai bambancin kusan milibolt 70, cikin ne ke gefen alamar ragi, kuma sai an jera wajen 21 kafin su kamo batirin tocila ɗaya. Babu mita, babu mai kawo takardar kuɗin wuta!

Gishiri ne sirrin. Sodiyam, irin wanda ke cikin gishirin Foga da ake dafawa a ƙasar Gaya, ya fi yawa a waje, shi kuwa fotasiyam, na ruwan tokar da ake zuba wa miya, ya taru a ciki. Wani tantani da ido ba ya gani ne ya raba su. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Tantanin nan yana da son kai. Ƙofofin fotasiyam a buɗe suke, yana ta sulalewa waje da cajinsa na ƙari, na sodiyam kuwa galibi a garƙame. Da cikin ya koma gefen ragi sai ya riƙa janyo mai fita, har ja da turi su yi kusan kunnen doki. Wai wannan kokawar ce masana ke kira hutu.

Akwai kuma famfo a jikin tantanin, wanda kowane zagaye yake fitar da sodiyam 3 ya shigo da fotasiyam 2, kamar mai kwashe ruwa daga kwalekwale mai yoyo. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana lashe kusan kashi 20 na ƙarfinsa, kaso mai tsoka a wannan aikin. Ashe zaman banza ma da cin tuwo!

Minjirya ta kogin Kwara ta mai da abin sana'a: ta jera ƙwayoyinta suna sakin cajinsu a tare, babbarta kan kai bolt 350. Masunta ba sa neman ƙarin bayani.

Maharban dā ma sun taɓa famfon nan ba da saninsu ba, don dafin kwankwani da suke shafa wa kibiya shi yake toshewa, zuciyar dabba ta rikice. Nonon tumfafiya yana da irin wannan guba, amma akwai wata fara da ke cin ganyen, ta adana dafin a jikinta don maganin masu farautarta. Tsuntsu, bismillah in ka isa!