Yaron da Ba Ya Nuni da Yatsa

A yawancin gidajenmu, idan yaro ya shekara biyu bai fara magana ba, amsa a shirye take tun uwa ba ta rufe baki ba. "Nauyin baki ne." "Ubansa ma sai da ya shekara uku." "Ai maza ba sa saurin baki." Sau tari kuma gaskiyar tsofaffin ce, don wata rana yaron zai ɓalle da surutu har a riƙa roƙonsa ya yi shiru. Sai dai akwai tambayar da ba mu cika yi ba, alhali a wurin likitocin yara ta fi ta magana nauyi: yaron nan yana nuna miki abu da yatsa don ke ma ki gani?

Nuni iri biyu ne. Akwai na "ba ni", kamar yaro ya miƙa hannu wajen ƙosai. Akwai kuma na "duba ki gani": jirgi ya gitta a sama, ko akuya ta faɗo tsakar gida, ɗan wata 15 ya ɗaga yatsa, sannan ya waiwayo ya kalli fuskar uwarsa ya tabbatar ita ma ta gani. Ba jirgin yake so a ba shi ba, so yake su yi kallon tare. Mai nauyin baki zalla yana yin wannan. Yana nuni, yana gyaɗa kai, yana kawo miki murfin kwalba ya ɗora a cinya don ki yaba, yana fahimtar "je ka ɗauko takalminka". Harshe ne kawai bai sake ba. Yaron da ke da lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, sau da yawa wannan waiwayen ne babu. In yana jin ƙishi, sai ya kamo hannunki ya ja ki har bakin randa, ya ɗora hannun naki a kan murfi, bai ɗago ya dubi idonki ko sau ɗaya ba.

Galahanga bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa, kuma yana farawa tun yaro na ciki. Wani likita mai suna Leo Kanner ne ya fara bayyana shi dalla-dalla a 1943, bayan ya nazarci yara 11 a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka. A yau likitoci na duba abu biyu, kuma sai sun haɗu: wahalar cuɗanya da isar da saƙo ga mutane, da kuma maimaita abu ɗaya tare da manne wa tsari guda. Wani yaron zai jera duwatsu ko cokula a layi, in an gusar da ɗaya ya ɓarke da kukan da ba ya jin lallashi. Wani ya kifa motar wasa ya yi ta juya tayarta. Wani yana kaɗa hannuwa in ya ji daɗi, ko tafiya a kan yatsun ƙafa, ko toshe kunne da jin ƙarar injin markaɗe. Wani abinci ɗaya tak yake ci. Akwai mai maimaita abin da aka ce masa: a ce "kana son ruwa?" ya ce "kana son ruwa?" Lalurar hawa-hawa ce. Wani zai girma bai yi magana ba, wani kuma zai yi karatu har jami'a, mutane su ce miskili ne kawai.

Alamun farko ba su da hayaniya, shi ya sa suke wucewa ba a lura ba. Jaririn da za a ajiye a tabarma ya yini bai nemi kowa ba, a wurinmu yabo yake sha: "yaro mai haƙuri, ba ya ƙiwa." Uwa mai aiki ya yi mata yawa kuwa sai ta gode wa Allah. Amma likita zai so ya ji ko yana mayar da murmushi, ko yana waiwayowa in an kira sunansa wajen wata 9 zuwa 12, ko yana gwalantu da ɗaga hannu a ɗauke shi kafin ya shekara, ko ya furta kalma ɗaya a wata 16, ko yana haɗa kalma biyu da kansa a wata 24. Rashin ɗaya daga ciki ba hukunci ba ne. Taruwarsu ce abin dubawa.

Alama guda ce ba a yi mata jira ko kaɗan: yaro ya rasa abin da ya riga ya iya. Kusan ɗaya cikin huɗu na masu galahanga sukan fara cewa "mama" da "baba", su yi ɗaga hannun bankwana, sannan tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu abin ya ɗauke. Ku lura da lokacin. Daidai lokacin yaye ne, lokacin da ake kai yaro gidan kaka, lokacin da wata uwar ta sake samun ciki. Don haka bayani ba ya wuya: kewar nono ce, ya sha ciki, an yi masa baki, ya gamu da iska. A Turai kuma allurar rigakafi aka ɗora wa laifin, saboda ita ma kusa da wannan lokacin ake yin ta. Wani likitan Birtaniya, Andrew Wakefield, ya wallafa rahoto a mujallar Lancet a 1998 kan yara 12, yana danganta lalurar da rigakafin ƙyanda da hangum da rubela. An gano akwai maguɗi a aikin, mujallar ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisinsa a shekarar. Binciken da aka wallafa a 2019 kan yara sama da 650,000 a ƙasar Denmak bai sami wata alaƙa ba. Na tsaya a kan wannan ne saboda mu ƙyanda har yanzu kashe mana yara take yi, kuma jita-jitar ta iso wayoyinmu.

Abin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne gado. Shi ke da kaso mafi tsoka. Haihuwar bakwaini, da tsufan iyaye lokacin ɗaukar ciki, da shan maganin farfaɗiya na valproate da juna biyu, suna ƙara yiwuwar abin. Rashin tarbiyya ko sakacin uwa ba sa kawo shi. A Amurka an shafe shekaru ana zargin iyaye mata da cewa rashin nuna ƙauna ne ya jawo, daga baya ilimi ya wanke su. Bai kamata surukai su ɗauko zargin da masu shi suka yar ba.

To yaya ake ganowa? Mataki biyu ne, kuma haɗa su wuri ɗaya ne ke jefa iyaye cikin firgici ko sakankancewa. Na farko tantancewa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a tantance kowane yaro a wata 18 da wata 24, ko da babu wanda ya yi ƙorafi a kansa. Takardar da aka fi amfani da ita ana kiranta M-CHAT-R, wadda Diana Robins da abokan aikinta suka tsara don yara 'yan wata 16 zuwa 30. Tambayoyi 20 ne, amsarsu i ko a'a, mai rainon yaro ke amsawa cikin 'yan mintuna. Ana tambaya ko yana bin yatsarki da ido in kin nuna abu daga nesa, ko yana wasan kwaikwayo irin kara takalmi a kunne a matsayin waya, ko yana sha'awar sauran yara, ko kin taɓa zargin ba ya ji. Maki 0 zuwa 2 babu damuwa sosai. Maki 3 zuwa 7 sai ma'aikacin lafiya ya zauna da uwa ya bi tambayoyin da misalai. Daga 8 zuwa sama kai tsaye ake tura yaro wurin ƙwararre.

Takardar nan rariya ce: tana tare tsaki, amma ba duk abin da ya tsaya a kanta ne tsakuwa ba. A babban gwajin da aka yi mata a Amurka, kusan rabin yaran da ta tare har bayan tambayoyin bi-baya ne aka tabbatar suna da galahanga. Sai dai fiye da kashi 90 cikin 100 nasu an same su da wani jinkiri ko matsalar girma da ke buƙatar kulawa, don haka zuwan bai zama asara ba. Haka nan takan tsallake wasu, musamman 'yan mata da masu alamu marasa tsanani. In takarda ta ce lafiya lau amma hankalin uwa bai kwanta ba, a bi hankalin uwa.

A nan akwai abin da ma'aikacin lafiya a ƙasar Hausa ya kamata ya sani, wanda babu shi a takardar. Idan yaron ɗan fari ne, ka tambayi uwarsa a gaban surukarta ko yana amsa sunansa in ta kira, ka tambayi abin da ba ta yi. Kunyar ɗan fari ta hana ta kama sunan, ta hana ta nuna tana wasa da shi, balle ta zauna tana ba da labarinsa. Za ta sunkuyar da kai ta ce "lafiya lau yake." Wanda ya san yaron ciki da bai watakila kaka ce, ko abokiyar zama, ko yarinyar da ke goyonsa tun safe har yamma. Su za a tambaya, kuma da sunan da gida ke kiransa, ba na yanka ba. Batun kallon ido ma haka ne. Muna koya wa yara sadda kai a gaban manya, don haka ɗan shekara bakwai da ya ƙi haɗa ido da likita ladabi yake yi. Amma ɗan wata 18 bai san kunya ba tukuna. In ba ya neman idon mai ba shi nono, wannan ba tarbiyya ba ce.

Mataki na biyu shi ne tabbatarwa, kuma a nan ne iyaye da yawa ke jin kamar an yaudare su. Sun zo da kuɗin gwajin jini da hoton kai, sai ga likita ya baje kayan wasa a ƙasa, yana hura kumfar sabulu, yana kiran yaro daga bayansa. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna galahanga. Da lura ake gane ta, da kuma dogon tarihi: yadda ciki ya kasance, yadda aka haihu, ko ya yi shawara yana jariri, yaushe ya zauna, yaushe ya taka, ko akwai mai irin halin a dangi. Wasan da likita ke yi tsararre ne, yana auna ko yaron zai nemi a ƙara, ko zai dubi uwarsa in abu ya ba shi mamaki. Ƙwararre na iya tabbatarwa tun yaro na shekara biyu.

Kafin a kai nan, a auna ji. Wannan a wurinmu wajibi ne, domin sanƙarau da ƙyanda da shawarar jarirai da ciwon kunne mai ruwa suna kurumtar da yara, kuma kurma ma ba ya amsa kira. Bambancin shi ne kurma yana cinye fuskarka da ido, yana magana da hannu da gira. Mai galahanga kuwa yana iya ƙin waiwayowa ga sunansa, amma ƙarar ledar biskit daga ɗaki na uku ta taso shi. A kuma gaya wa likita in yaron na suma ko ƙafewar ido, don farfaɗiya ta fi yawa a cikinsu, kuma ita tana da magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da lalurar, kuma an fi samun ta ga maza, ninki uku zuwa huɗu. A Amurka alƙaluman hukuma sun tashi daga 1 cikin 150 a shekarar 2000 zuwa 1 cikin 36 a 2020, kuma babban dalilin shi ne an faɗaɗa ma'aunin, an kuma ƙara nema. Mu da ba ma nema, sai muke cewa ciwon Turawa ne. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya, Muideen Bakare, da abokin aikinsa Kerim Munir sun nuna a 2011 cewa yaran Afirka kan isa asibiti a makare, kuma akasari masu tsanani ne da ba sa magana. Kafin nan an zaga: rubutu, hayaƙi, turare, ruƙiyya, an sayar da tunkiya. Ban ga laifin addu'a ba, kuma babu likitan kirki da zai hana ta. Abin da nake ƙi shi ne a ce sai an gama da ita sannan a je asibiti, da dukan yaro ko ɗaure shi da sunan fitar da aljani.

Saurin zuwa asibiti yana da dalili. Galahanga ba ta da maganin warkewa, duk wanda ya ce yana da shi a kwalba kuɗinki yake so. Abin da ke aiki shi ne koyarwa, kuma shekarun farko ne ƙwaƙwalwa ta fi karɓa. Mafi yawan koyarwar ma a gida ake yin ta: ki sauko daidai fuskarsa, ki shiga wasan da ya zaɓa maimakon ƙwace masa, ki riƙe kofin ki ɗan jira ya nema da ido ko da sauti, ki yi gajerun kalmomi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin horar da iyaye kan irin wannan, wanda aka tsara musamman don wuraren da ƙwararru suka yi ƙaranci. Ba sai an jira takardar tabbaci ake farawa ba.

Wurin zuwa shi ne sashen yara na babban asibiti, daga nan a nemi turawa asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin yaro mahaukaci ne. Ranar allurar ƙyanda ta biyu, a wata 15, dama ce ta faɗa wa ma'aikaciyar jinya abin da kika lura da shi, tunda bayanta yawancin yara ba sa sake ganin asibiti sai ciwo ya kai su. A tafi da katin rigakafi, da wanda ya fi zama da yaron, da ɗan bidiyon waya na yadda yake wasa da yadda yake yi in an kira shi, domin a ɗakin likita yaro kan sauya hali. Idan kuma an tabbatar, a sa ido a kan ƙannensa tun suna goye: bincike ya nuna kusan 1 cikin 5 na ƙannen mai galahanga su ma sukan zo da ita, don haka su ba a jira sai sun shekara biyu.